Takobin Kaka da Kalmar Tura

Abu biyu ne suka tarbe ni a Greensboro: sanyi da Alhaji Tanimu. A cikinsu sanyin ya fi amana, don shi bai taɓa yi mini alkawarin komai ba.

Karatun noma ya kai ni, digiri na biyu, a tsakiyar shekarun casa'in, lokacin da jami'o'inmu na gida suke yau a buɗe gobe a rufe. Alhaji Tanimu ɗan unguwarmu ne a Funtuwa, ya daɗe a Amurka, shi ne kuma ya aika wa mahaifiyata cewa ta kwantar da hankalinta, ɗaki da aiki suna jirana. Ya zo tashar bas cikin wata doguwar kwat, ya rungume ni har sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Ya sa akwatina a bayan motarsa, wanda a cikinsa akwai tufafina da kayan fata da yayata ta haɗa mini in sayar in riƙe kaina. Ya kai ni wani gidan cin abinci a titin High Point Road, ya saya mini kaza da dankali.

"Zauna nan ka ɗumama jikinka, ƙanena," in ji shi. "Bari in je in karɓo makullin afatmen ɗin da za ka zauna. No problem, yanzu zan dawo."

Har yau yana kan hanyar dawowa.

Na zauna ina kallon ƙofa har kazar ta daskare. Da na gane abin da ya same ni, sai na dafe kai na fara salati a fili, ina faɗin, "Wayyo Allah, na shiga uku." Wani dogon mutum da yake goge tebur kusa da ni ya tsaya cak.

"Kai, Bahaushe ne? Mi ya hwaru?"

Sunansa Isuhu, mutumin Maraɗi. Ya saurari labarina yana girgiza kai, da na gama ya ce, "Bon. Wanga Alhajin mun san shi, ba kai na na hwarko ba. Jira in tashi aiki mu tai gida." Bai tambaye ni ko ɗan wane ne ni ba. Ya cire rigar sanyinsa ya ba ni, hannuwanta sun wuce yatsuna, da ita na yi wannan hunturu.

Zangona na biyu ke nan, falon su Isuhu, inda muke kwana reras kamar kifin gwangwani. A nan na san kewar gida. Ba tuwon ba ne ya fi damuna, don Isuhu yana tuƙa wani abu da garin masara wanda in ka rufe ido ka yi masa uzuri zai wuce. Shirun garin ne. Sai ka yi tafiya mai nisa a ƙasa ba wanda ya ce maka sannu, motoci kawai, da itatuwa tsirara kamar an yi gobara. Wata rana na gai da wata tsohuwa a bakin titi, na ɗan rusuna yadda aka koya mini, sai ta ƙanƙame jakarta.

Mai gidan haya ya fara ƙorafin mun yi yawa, ni ne kuma na ƙarshen zuwa. Ran wata Juma'a bayan an idar da salla, Isuhu ya ja ni wurin wani dattijo fari, mai dogon hanci da farin gemu, ya ce masa ga yaron da ya yi masa magana. Dattijon mutumin Afghanistan ne, sunansa Sher Wali, yana da shagon wanki da gyaran darduma. Kowa Kaka yake ce masa, wato baffa a yarensu na Fashto. Na ce a raina, to, ni dai a yarena ka fi haka matsayi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya matsa damtsena kamar mai sayen rago, ya ce in zo gobe. Akwai ɗan ɗaki a bayan shagon, mai hitar ɗumama ɗaki da katifa.

Turancinsa gurgu ne, ni kuma nawa na makaranta ne, sai muka riƙa cike giɓin da Larabcin salla da nuni da hannu. Sunana Lawal, shi kuma Lawal-jan yake kirana. A wurinsu jan kalmar ƙauna ce, amma ni da nake baƙi wuluk sai da na yi tafiya har Amurka kafin a ce mini ja.

Ranar farko ina shara, na kai gindin wani dogon kabad, sai na ji ya ɗaga murya daga bayana: "Tura! Tura!"

Wallahi daɗi ne ya kama ni. Na ce ashe tsohon nan ya tsinci Hausa a wurin su Isuhu. Na ajiye tsintsiya, na sa kafaɗa, na tura kabad ɗin da duk ƙarfina. Wani dogon abu naɗe cikin koren ƙyalle ya sulluɓo daga sama. Ban san tsoho yana da irin wannan zafin nama ba. Ya cafe shi kafin ya kai ƙasa, ya sumbace shi, ya kai shi goshi, sannan ya juyo yana zazzaga mini Fashto wanda ko ba tafinta na san ba addu'a ba ce. Da ƙyar muka fahimci juna. A yarensu tura shi ne takobi. Gargaɗina yake yi in yi hankali, akwai takobi a sama. Da na nuna masa abin da tura take nufi a Hausa, ya yi dariya har ya zauna a kan tarin darduma yana share ido.

Ya dafa mana koren shayi, ya warware ƙyallen. Ban taɓa ganin irin wannan takobi ba. Ruwansa miƙaƙƙe ne, kaifi ɗaya, mai faɗi a gindi yana tsukewa har tsini, kamar wuƙar mahauta da ta yi girma ta wuce misali. Kusa da gindin akwai ɗan hatimi mai siffar masallaci. A mariƙin kuma akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da yake rufe yatsun mai riƙo, a tsakiyarsa akwai wata lotsawa mai zurfi.

"Na kakana ne," in ji Kaka. "Da shi ya fita yaƙinmu na ƙarshe da Ingila. Ka ga nan?" Ya sa babban yatsa a lotsawar. "Wani hafsan farangi ya kawo masa sara, ya sauka a nan. Lawal-jan, a wurinmu tura ba ƙarfe kaɗai ba ce. Zuciya ma tura ce. In aka ce mutum ba shi da tura, to, an gama da shi."

Farangi shi ne Bature a bakinsu, kuma yadda Kaka yake furta kalmar sai ka ce ƙashin kifi ya tsaya masa a wuya. Ya ce duk jaririn da aka haifa a gidansu, wannan takobi ake ajiye masa a saitin kai har a yi arba'in. An ajiye wa ubansa, an ajiye masa, shi ma ya ajiye wa ɗansa. Na ce ai mu ma haka muke, wuƙa ake sa wa jariri a wajen kai. Ya kama hannuna ya girgiza, kamar yau ya tabbatar ni mutum ne.

A hankali na san sauran labarin. Lokacin da Rasha ta shiga ƙasarsu, cikin darduma ya naɗe takobin ya ƙetare duwatsu da shi zuwa Pakistan. A can matarsa ta rasu. Ya iso Amurka da abu biyu, takobin da ɗansa tilo, Zalmai. Zalmai ya girma, ya auri wata Ba'amurkiya ma'aikaciyar jinya mai suna Suzan, suka zauna a garin Pleasant Garden. Tun ranar Kaka bai ƙara yi masa magana ba. Ga shi yanzu Suzan tana da tsohon ciki, Kaka kuwa ya rantse takobin kakansa ba zai kwana a gidan farangi ba, ko an haihu ko ba a haihu ba.

Ita dai baiwar Allah ba ta gaji ba. Duk Juma'a sai ta tsaya da mota a ƙofar shago, ta fito tana dafe da ƙugu, ta miƙo kwanon shinkafa irin tasu, mai zabibi da karas da naman rago, wadda ta koya daga littafi don ta faranta masa. Kaka sai ya shige ɗakin wanki ya kunna inji. Ni nake karɓa.

"Ya ci ta wancan makon?" takan tambaye ni.

"An cinye tas," nakan ce, kuma ban yi ƙarya ba.

Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Da wannan shinkafa na murmure, har Isuhu ya fara tsokanata wai ƙasar mutane ta karɓe ni. Amma ina ci ina jin nauyi, don na ga yadda take leƙen bayana ko za ta hango shi, na kuma ga yadda shi yake leƙen motarta ta taga bayan ta juya. Na taɓa ce masa a wurinmu ana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya ce a wurinsu ana yankewa.

Da itatuwa suka fara toho, muka kai wata babbar darduma garin Summerfield, gidan wani likita da ya yi ritaya. Fili ne fetal, ga dawaki suna kiwo a bayan farin shinge. Likitan mutum ne mai fara'a, ya taya mu ɗauka har cikin ɗakin karatunsa. Bangon ɗakin kuwa takubba ne jere, na ƙasashe iri iri. Muna shimfiɗa dardumar sai na ga Kaka ya saki gefensa ya miƙe tsaye. A bangon akwai ɗan'uwan takobinsa sak, har da hatimin masallacin.

Da likitan ya ji cewa Kaka yana da irinsa na gado, murna ta kama shi kamar an yi masa albishir. Ya riƙa bayani da sauri, ni ina sassauta wa Kaka shi. Ya ce mutanen Afghanistan a mararraba suke zaune, kowa ya wuce sai sun tsinci wani abu daga gare shi. Ya nuna mana wani lanƙwasasshen takobinsu na da, ya ce mariƙinsa salon Indiya ne, ruwansa kuma irin na Farisa. Sannan ya ce daga baya wani sarkin Kabul ya kafa maƙera ta zamani, da injuna da masana daga Ingila, a nan aka ƙera wa sojoji irin na Kaka. Ruwan na mutanen duwatsu ne, amma mariƙin da ƙarfen da ke kare yatsu, daga na sojan Ingila aka kwaikwaya. Ya sauko da wani takobin Ingila ya jera su a kan tebur. Ko makaho ya shafa zai ce uwarsu ɗaya.

Likitan yabo yake yi, har yana cewa hikima ce. Kaka dai ya ce na gode, muka fita.

A mota shirun ya yi mini yawa, ni kuma Allah ya yi ni da bakin da ba ya son zama haka nan. Na ce bari in sa shi dariya irin ta ranar kabad.

"Kaka, ka san wani abin mamaki? A Hausa ƙasar farangi Turai muke ce mata. Su kuma Turawa. Ka ji? Tura, Turawa."

Ya juyo a hankali ya dube ni. "Har a yarenku ma?"

Magana zarar bunu ce. Na yi ta rantsuwa cewa dacewar baki ce kawai, babu dangantaka, amma ya riga ya mai da fuskarsa ga taga.

Kwanakin da suka biyo baya shagon ya zama gidan makoki. Ba shayi, ba Lawal-jan. Yana zaune da allura a hannu, amma dardumar da ke cinyarsa ba ta ci gaba. Tausayinsa ya cika ni. Mutumin nan ya rasa ƙasa, ya rasa mata, ya kori ɗansa da kansa, duk yana riƙe da abu ɗaya da yake ganin babu hannun baƙo a cikinsa. Yanzu an ce masa daidai inda yake riƙewa, nan ne na baƙon.

Ana haka wata safiya wayar shago ta yi ƙara, na ɗauka. Zalmai ne. Ya ce in gaya wa babansa Suzan ta sauka lafiya, an samu mace, sun ma dawo gida. Na isar da saƙo. Kaka ya ce alhamdu lillahi, can ƙasan maƙoshi, ya tashi ya shiga ciki. Da ya fito, takobin yana hannu ɗaya, guduma da kurfi suna ɗaya hannun. Ya ajiye su a kan teburin aiki.

"Cire mariƙin," ya ce. "Ka bar mini ruwan. Sauran ka jefa a bola."

Na ce ba zan iya ba. Ya ce shagonsa ne, ɗakin da nake kwana ma nasa ne. Na san falon su Isuhu ba shi da sauran wuri. Duk da haka na ɗaure hannuwana a baya. Na ce masa mu ma akwai takobi a gidanmu, na kakana, mai tambarin jinjirin wata biyu a ruwansa. Wani malamin tarihi ya taɓa gani ya ce irin waɗannan daga Jamus ake kawo su ta hamada, maƙeranmu su yi musu mariƙi da kube. Da aka gaya wa kakana sai ya yi dariya ya ce madalla, su sun sha zafin wuta, mu mun sha rataya.

"Kakanka ya yaƙe su da shi?" Kaka ya daka mini tsawa. "Sun ƙona ƙauyenku?"

Ya fizgi gudumar da kansa. Ya kwantar da takobin, ya danne ƙarfen mariƙin da hannun hagu yana neman inda zai kafa kurfin. Babban yatsansa ya faɗa cikin lotsawar nan, inda ya saba faɗawa tun yana yaro. Gudumar tana sama. Na rufe ido ina jiran ƙara, ban ji komai ba.

Da na buɗe, ya ajiye gudumar. Ya zura hannunsa na dama cikin mariƙin, yana kallon yadda ƙarfen ya rufe yatsunsa, lotsawar tana daidai saitin na tsakiya.

"Na san kakan nan nawa, Lawal-jan," ya ce a hankali. "Ina ƙarami yana ɓare mini rumman. Yatsunsa biyar cif." Ya shafa lotsawar, sannan ya ce, "Da wannan hannun ya ɗauki ubana. Da babu ƙarfen nan..."

Ya zauna a kan tarin darduma, inda ya taɓa zama yana yi mini dariya, ya kifa kai a kan takobin ya yi kuka irin na tsofaffi, mara sauti. Ni ma na juya baya ina gyaran abin da bai lalace ba, don mahaifiyata ta faɗo mini a rai. Can ya face hanci, ya naɗe takobin cikin koren ƙyallensa, ya ce in ɗauko makullin mota.

Bai san gidan ba, sai da na sake kiran Zalmai ya yi mini kwatance. Pleasant Garden gari ne shiru, gidaje nesa da juna, kowanne da filinsa na ciyawa. Muka tsaya a gaban wani ɗan farin gida. An bar ƙofar a sakaye, ba a kulle ba, daga ciki kuma ana jin kukan jaririya, siriri kamar na ɗan akuya. Kaka ya hau matakala, ya tsaya. Ya gyara hula. Ya gyara gemu. Mutumin da ya ƙetare duwatsu da ƙafa, sai ga shi ƙofar katako ta gagare shi. Na ga ƙafarsa ta fara juyowa wajen mota.

"Kaka," na ce. "Tura."

Ya ɗaga ƙyallen kaɗan. "Ga ta a hannuna."

"Ta Hausa nake nufi." Na nuna ƙofar. Sannan na dafa ƙirjina. "Da ɗaya taku ɗin, ta zuciya."

Ya harare ni, gemunsa yana rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Ya ce bismillahi, ya sa kafaɗa yadda na sa wa kabad ɗinsa, ya tura.

Zalmai ya taso da gudu ya durƙusa ya kama hannun ubansa yana sumbata. Suzan tana kishingiɗe kusa da gadon jaririyar. Da ta ga an warware ƙyalle ƙarfe ya fito, idonta ya yi waje, ma'aikaciyar jinya ce fa. Zalmai ya raɗa mata wani abu. Ta dubi takobin, ta dubi tsohon da yake tsaye ya kasa haɗa ido da ita, sai ta miƙa hannu ta janye kwalaben da ke kan teburin da yake saitin kan jaririyar, ta share wurin da tafin hannunta. Kaka ya ajiye shi a nan, mariƙin yana wajen yarinyar. Ya sunkuya ya yi mata kiran salla a kunne, ita kuwa ta damƙe yatsansa ta ƙi saki.

Na fita na zauna a mota, don akwai abin da ba na baƙo ba ne.

Na gama karatuna a wannan ɗan ɗakin na bayan shago. Ban ƙara ganin Alhaji Tanimu ba, ban kuma neme shi ba. Hasara ɗaya na yi a sulhun Kaka da ɗansa. Da Suzan ta yi arba'in ta dawo da kwanon Juma'a, ina miƙa hannu kamar yadda na saba, sai Kaka ya bige mini shi.

"Ta surukata ce," ya ce. "Je ka ɗauko cokali biyu."